Fadan da ya ƙi buɗe baki

A yawancin finafinan kisan kai, mai kallo kan zauna ne yana neman sanin wanda ya yi kisan. Alfred Hitchcock bai cika son wannan hanya ba. Shi ya fi son ya gaya maka gaskiya tun daga farko, sannan ya bar ka kana zufa a kan kujera kana kallon mutanen da ba su sani ba. A fim ɗinsa I Confess na shekarar 1953 ya kai wannan salo maƙura, domin fadan da ya san gaskiyar an ɗaure masa baki.

Labarin ya faru ne a birnin Kebek na ƙasar Kanada. Otto Keller, Bajamushe ɗan gudun hijira da ke aikin share-share a gidan fadoji, ya saka rigar fada ya je gidan wani lauya, Villette, don ya yi sata, ya ƙare da kashe shi. A daren nan ya durƙusa gaban Fada Michael Logan ya furta zunubinsa. Wasu 'yan mata biyu sun ga mai rigar fada yana fita daga gidan, ga shi kuma lauyan dama yana tatsar wata matar aure, Ruth, da barazanar tona tsohuwar soyayyarta da Logan tun kafin ya zama fada. Shi ke nan zargi ya faɗo kan Logan, Sufeto Larrue ya sa shi gaba.

Sai an san dokar Cocin Katolika kafin a ji daɗin fim ɗin. Tun babban taron Lateran na huɗu a 1215 aka tsananta cewa abin da fada ya ji a wurin furta zunubi ba ya fita daga bakinsa, ko da alama, ko da za a kashe shi. Wanda ya tona, coci ta kore shi nan take. Hitchcock ɗan Katolika ne, ya yi karatu a makarantar Jesuwit a Landan, don haka bai ga abin mamaki a nan ba. Masu kallo da yawa a Amurka kuwa sun ga wauta ce mutum ya tunkari igiyar rataya saboda sirrin mai kisa. Bahaushe ina jin ba zai sha wannan wahala ba, tunda shi ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ana yawan sukar fim ɗin da cewa jarumin ba ya yin komai. Ban yarda ba. Montgomery Clift, wanda ya fito a matsayin Logan, ya ɗauki nauyin labarin a fuska da tafiya. Dubi yadda Keller ke biye da shi a lungunan gidan, yana magana ƙasa-ƙasa yana tuna masa cewa ba shi da ikon faɗa, shi kuwa Logan bai ko juyo ba, sai muƙamuƙinsa da ya ɗaure. Dubi kuma doguwar tafiyar da ya yi a titunan Kebek kafin ya miƙa kansa ga 'yan sanda, inda kyamarar Robert Burks ta ɗauko shi daga nesa, ta bayan mutum-mutumin Almasihu ɗauke da gicciye. A kotu ma ba a taɓa jin ya yi ƙarya ba, kuma bai nuna kowa da yatsa ba. Tsakanin waɗannan biyun ne duk fargabar take.

Raunin fim ɗin a wani wurin yake. Dogon waiwayen soyayyar Ruth, wadda Anne Baxter ta fito a matsayinta, ya sanyaya jikin labarin daidai lokacin da ya fara zafi. Sai kuma ƙarshen. An ciro labarin ne daga wasan kwaikwayon Faransa na Paul Anthelme na 1902, kuma a tsarin farko an so a rataye fadan, amma kamfanin Warner Bros. ya ƙi. Don haka kotu ta sallame shi saboda ƙarancin hujja, jama'a suka yi masa ihu a waje, matar Keller, Alma, ta kasa jurewa ta yunƙura za ta faɗi gaskiya, mijin ya harbe ta. Aka ƙare da harbe-harbe a otal ɗin Château Frontenac. Wannan kuɓutar ta zo da araha, ta rage wa amanar Logan tsada, don an nuna kamar riƙon amana dole ya biya mai shi tun a duniya.

Duk da haka matasan masu nazarin fim na mujallar Cahiers du Cinéma a Faransa sun ɗaga darajarsa lokacin da wasu suka yi watsi da shi, kuma a ganina su ke da gaskiya. Bai kai finafinan Hitchcock irin su Rear Window ko Vertigo ba, amma mai son rubuta labarin fargaba ba tare da yawan gudu da duka ba, ya nemi wannan fim ya kalla.