Zainab da Numbe: Mata Biyu a Hannun Marubuta Maza

Cikin littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa da suka fito daga Zariya bayan gasar 1933, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ne ya dubi aure kai tsaye. Ruwan Bagaja da Ganɗoki sun tafi yawon duniya da fagen fama, shi kuwa ya tsaya cikin gari. Abubakar yana son Zainab, ita ma tana son sa, sai attajiri Malam Shaihu, wanda bai taɓa haihuwa ba, ya shigo da dukiya ya aure ta.

Daga nan littafin ya zama na maza. Abubakar ya shiga duniya neman maganin ramuwa, asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa, yaro ya zama ɓarawo har ya yi ajalin mahaifinsa. Zainab, wadda a kanta aka yi rigimar duka, an maishe ta gefe. Mai karatu ya san zafin zuciyar Abubakar ciki da bai, amma da wuya ya faɗi abin da Zainab ta ji a ɗakin mijinta. An sha cewa littafin yana sukar auren kuɗi. Haka ne, sai dai laifin da ya gani shi ne an ƙwace wa saurayi budurwa. Ko budurwar tana da ta cewa a kan rayuwarta, wannan bai dami marubutan sosai ba.

Malamin da ke koyar da Hausa da Faransanci a Ƙonni, Malbaza ko Tajaye yana da abin gwadawa a kusa: gajeren labarin Sembène Ousmane mai suna «Ses trois jours», cikin Voltaïque na 1962. Numbe, matar Mustafa ta uku, girki ya zo kanta. Ta yi kwalliya, ta kashe ɗan abin hannunta wajen cefane, ga ciwon zuciya, ta zauna jira. Kwana ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, miji yana wajen amarya. Babu asiri, babu kisa. Kwanon abinci ne kawai ke hucewa. Sembène ya tsare mai karatu cikin ɗakin tare da ita, har ya sa ta tuna cewa lokacin amarcinta ita ma ta ci kwanan kishiya, abin da ya hana labarin zama wa'azi mai arha. Da Mustafa ya iso a ƙarshe da abokansa, sai ta farfasa kwanonin a gabansu. Ba ta fita gidan ba, ba ta nemi saki ba. Iyakar ƴancin da labarin ya ba ta ke nan, kuma ya fi ƙarfi saboda ƙanƙantarsa.

Sai a 1980 Hafsat Abdulwaheed ta kawo Boɗaɗo cikin So Aljannar Duniya, yarinyar da ta zaɓi miji da bakinta, dangi na so ko ba sa so. Tsakaninta da Zainab an yi fiye da shekara 40. Ɗalibai mata na ƙasar Adar, waɗanda wasu daga cikin ƙawayensu suka bar aji saboda aure, sun cancanci a aza musu labaran uku a kan teburi ɗaya, a tambaye su wadda suka fi sani a unguwarsu.