AnyDesk: Manhajar da Ta Raba Mu da Jigilar Kwamfuta

Jama'a, in ana lissafin manhajojin da suka cancanci a yi musu tafi, ni dai AnyDesk zan fara ambata, kuma da babbar murya! Duk mazaunin Goron Dutse da ya taɓa rungumar kwamfuta ya tari adaidaita sahu zuwa Beirut Road ko Farm Centre, don kawai firinta ta ƙi jin magana, ya san inda na dosa. Ga kuɗin mota, ga cunkoso, ga zaman jiran mai gyara. To wannan manhaja ta share mana hawaye. Mai gyara yana zaune a shagonsa, fuskar kwamfutarka ta bayyana a tasa, ya riƙa juya linzami yana rubutu, kai kuwa kana gida kana kallon aikin da idonka.

Abin da ya fi burge ni shi ne sauƙin haɗawa. Ku biyun kowa ya sauke manhajar daga shafin kamfanin. 'Yar mitsitsiya ce, megabait kaɗan, kuma a Windows ba sai an girka ta ba, buɗewa kawai za a yi. Nan take za ta nuna maka lambarka, mai alƙaluma tara ko goma. Ka karanta wa mai gyara ta waya, ya shigar a tasa, sai saƙon neman izini ya faɗo a gabanka. Ka danna koren maɓallin amincewa. Shi ke nan, an gama! Wallahi ko dattijon da bai saba da kwamfuta ba zai iya.

Kamfanin na Jamus ne, an kafa shi a birnin Stuttgart a 2014. Wata manhaja irin AnyDesk mai suna TeamViewer ta riga ta fitowa tun 2005, ita ma daga Jamus, kuma Google na da Chrome Remote Desktop. Kowacce da amfaninta, amma a wurina AnyDesk ce gwana, saboda fasahar matse hoto da suka ƙera mai suna DeskRT. Ita ce ke sa hoton ya ci gaba da tafiya ko da sabis ya yi rauni, kuma mu da ke cikin lungunan birni mun san darajar wannan. Ga tura fayil daga wannan kwamfuta zuwa waccan, ga wurin hira a rubuce, ga ta a Android da iPhone da Mac da Linux.

Wani abin ban sha'awa kuma: in ka sa mata kalmar sirri, kana iya shiga kwamfutarka ba tare da wani ya danna maka komai ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari sai ya duba lissafin shago daga ɗakinsa bayan isha'i, muddin kwamfutar tana kunne kuma akwai intanet. Ɗalibin da ke karatu a Madina sai ya saita wa mahaifinsa rubutun Larabci daga can. Kai, madalla da wannan fasaha!

Sai dai gaskiya ɗaya ce: wanda ka buɗe wa, ya shiga har ɗaka. 'Yan damfara sukan kira su ce daga banki suke, su nemi a sauke irin wannan manhaja a karanto musu lamba. Kada ka kuskura! Ka ba wanda ka sani kaɗai, ka rufe shafin bankinka kafin ya shigo, ka kashe izinin ɗaukar fayil in babu buƙata, in an gama kuma ka katse haɗin da kanka.

AnyDesk kyauta ce ga mai amfanin kansa, masu sana'a da ita kuwa sai sun sayi lasisi, kuma ta ci kuɗinta. Ɗan'uwa, kafin ka sake ɗaukar kwamfuta zuwa kasuwa, ka fara tambayar mai gyaranka ko yana da AnyDesk.