Dariyar Fim da Kukan Mai Jego

Duk wanda ya tashi a Garwa ya san finafinan Kano sun fi ƙarfin iyaka. Tun muna yara muke cika ɗakunan kallo, kuma ba wanda ya kai marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a 2014, iya sa mu dariya. Fim ɗinsa Ibro Ɗan Daudu ya yi tashe, kuma masu barkwanci da yawa sun bi wannan sawu: namiji ya ɗaura zane, ya karya murya, ya yi fari da ido, jama'a su fashe. Ban musa gwanintar Ibro ba. Abin da nake tuhuma shi ne darasin da irin wannan wasa ya bar mana.

Darasin kuwa shi ne, duk wanda bai zauna daidai a layin maza ko na mata ba, abin dariya ne. Sai muka haɗa mutane daban-daban a buhu guda: ɗan daudu mai sana'ar abinci, da yaron da yake jin ransa bai dace da jikinsa ba, da jaririn da aka haifa mata-maza.

Na ga illar haka ranar da wata mata ta kira shirina na lafiya daga wajen Gidar. Ta ce: "Ɗan'uwa, na haihu kwana goma, ungozoma ta kasa cewa mace ce ko namiji. Ina tsoron bakin mutane, shi ya sa ban fita da ita ba." Jaririyar kuma tana ta amai. Likitan da ke tare da ni ya ce su kama hanyar asibiti a daren.

Daga baya ya yi mini bayani. Akwai wata cuta ta halittar da ke saman ƙoda, wadda take sa al'aurar jaririya ta yi kama da ta namiji. Ana samun ta a kusan haihuwa ɗaya cikin 15,000. Mai tsananinta tana zubar da gishirin jiki, ta kashe jariri a makonnin farko, alhali ƙwayoyin da ake sha kullum suna riƙe shi har ya girma. Kunya ce kaɗai ta tsare wannan uwa a ɗaki.

Abin mamaki, magabatanmu ba su ɗauki lamarin wasa ba. Muhtasar na Shehu Halil, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, da hukuncin gadon mata-maza aka rufe shi: in an kasa tantancewa, a ba shi rabin kason namiji da rabin na mace. Wato fiƙihu ya ƙidaya shi cikin magada tun ƙarnuka da suka wuce, fim kuwa bai ba shi ko suna ba.

Shi kuma yaron da jikinsa lafiya lau amma ransa ke cikin ruɗani, Turawa ma ba su daidaita ba. A Ingila, rahoton Cass na 2024 ya ce hujjar amfanin magungunan jinkirta balaga ba ta da ƙarfi, aka taƙaita su. Manyan ƙungiyoyin likitocin yara a Amurka kuma suna goyon bayansu. Amma ɓangarorin biyu sun yarda da abu ɗaya: yaron yana buƙatar mai saurarensa, domin tsangwama tana jefa shi cikin ƙunci. Mu nan ba mu da wannan muhawara, bulala da gori muke da su.

Ban ce marubuci ya bar addininsa ko al'adarsa ba. Cewa na yi, fim ɗin da ya iya koya wa Garwa sabuwar rawa cikin mako guda zai iya koya wa mai jego hanyar asibiti. Har yau ina jiran labarin da zai shiga ɗakin wannan mata, ya zauna da ita a kan tabarma.