Jan ƙarfe a ruwan rijiya: awon yana tsayawa a bakin guga

Binciken ingancin ruwa da ake yi a ƙauyukan arewacin Kano, wajajen Ɗambatta, Makoɗa da Bichi, yakan bi salo ɗaya. A ɗebo ruwa a rijiya ko burtsatse, a auna ƙarafan ciki, a gwada da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligiram 2 na jan ƙarfe a kowace lita (na Nijeriya miligiram 1 ne), sannan a rufe da gargaɗin cewa jan ƙarfe na lalata hantar yara. Gargaɗin yana da tushe, amma ana kawo shi ba tare da tarihinsa ba.

A Indiya, inda cutar taurin hanta ta daɗe tana kashe ƙananan yara, an gano cewa jan ƙarfen daga tukwanen tagulla yake fita, waɗanda ake tafasa madarar jarirai a ciki. Da iyaye suka sauya tukwane, cutar ta ja baya sosai. A yankin Tirol na Ostiriya, yara 138 suka mutu tsakanin 1900 da 1974, nan ma ta hanyar tukwanen jan ƙarfe, ga kuma alamar gado, don cutar gidaje take bi. A Jamus kuwa, ruwan rijiya mai tsami ne yake kwana a bututun jan ƙarfe.

To a nan fa? Ruwanmu daga guga sai jarka, sai randa, sai moɗa. Bututun burtsatse galibi na roba ne, nono kuma a ƙwarya yake. Wanda ya auna ruwa a bakin rijiya ya tafi bai san abin da jariri ya sha ba. Kamata ya yi a bi ruwan har ɗaki, a ga abin da yake kwana a ciki, a tambayi uwa da me take dama kunu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsoron jan ƙarfe ke kawar da ido daga abin da aka tabbatar yana cin hanta a ƙasar Hausa: ciwon hanta nau'in B, wanda ake da rigakafinsa tun ranar haihuwa, da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Rahoton da ya ambaci hantar yaran Makoɗa bai ce uffan kan waɗannan biyu ba, da sauran aiki a gabansa.