Ruwan Bagaja da Wasannin Yawon Duniya na Intanet

Akwai wani irin wasa da matasa su ke yi ta intanet, inda mutum ya kan ɗauki siffar jarumi, ya shiga wata ƙagaggiyar ƙasa tare da dubban 'yan wasa, a aike shi ya nemo wani abu ko ya kashe wani dodo. Masu tsara wasannin sun daɗe suna gardama, ko a nuna wa ɗan wasa hanya, ko a bar shi ya lalubo da kansa.

A cikin EverQuest, wanda ya fito a 1999, tilas ɗan wasa ya gaisa da mutanen gari, ya rubuta tambaya, ya tsinci labarin aiken a cikin jawabinsu. Da World of Warcraft ya zo a 2004, sai aka ɗora alama rawaya bisa kan kowane mai aike, a 2009 kuma aka ƙara nuna wurin zuwa a kan taswira. Sauƙi ya samu, amma ido ya bar kan ƙasa ya koma kan alama.

Gardamar nan ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta Ruwan Bagaja, littafin da Abubakar Imam ya shigar a gasar 1933, aka buga a 1934. Aiken Alhaji Imam ɗaya ne tak, watau ya ɗebo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ba kuwa wanda ya san inda ruwan ya ke. Rashin sanin nan shi ne ran littafin, gama shi ya sa Alhaji ya yi ta faɗawa garuruwa, ya yi ta gamuwa da Malam Zurƙe, suna rama wa juna mugunta. A tambayi ɗalibi abin da ya tuna: lalle Zurƙe zai ambata kafin ruwan. A ganina ma littafin ya fi rauni wajen ƙarshe, inda aljannu su ka shigo, hanya ta miƙe, dabarar Alhaji ta rage aiki. Aljannun nan su ne alama rawaya ta Imam.

Mutanen kudancin Kano sun san bambancin nan a ƙafa. Wanda ya shiga mota a Kwanar Ɗangora, cikin ƙasar Kiru, ya bi ta Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, ya wuce dajin ne kurum. Maharbi kuwa sai ya karanta sawu da kashin dabba da karyayyen reshe, sa'an nan ya yanke shawarar inda zai nufa. Shi ma yana da alamu, sai dai alamun da ke bukatar hankali ne, suna kuma iya yaudararsa.

Irin alamun maharbi aka bi a Elden Ring na 2022, inda ba a ba ɗan wasa jerin aike, wasu 'yan wasa kuma su kan bar masa saƙo a ƙasa, wani gaskiya, wani ƙarya. Duk ɗalibinmu da zai ƙaga irin wasan nan da Hausa, ga tafkin Tiga a Bebeji, ga duwatsun Riruwai da tsofaffin ramukan kuza. Abin da zai fi ba shi wuya shi ne samun Zurƙen da zai tare hanya.