Idon da ke karanta huhun mashayin taba

Na'urar CT kan ɗauki huhun mutum yanki-yanki, hotuna ɗaruruwa, ta jera wa likita a allon kwamfuta. Shi kuma yana zaune a ɗaki mai duhu yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana neman ɗigon da wani lokaci bai fi ƙwayar gero ba.

Wahalar ba a banza take ba. A 2011 wani babban bincike a Amurka, da ya ƙunshi mashaya taba sama da 53,000, ya nuna cewa hoton CT mai ƙarancin radiyeshan ya rage mace-macen kansar huhu da kashi 20 cikin 100, idan aka kwatanta da hoton ƙirji na yau da kullum. Masu ɗauke da HIV kuwa maganin rage kaifin cutar ya ƙara musu shekaru, amma shan taba ya yi yawa a cikinsu, kansar huhu kuma kan kama su tun ba su tsufa ba. A Faransa, binciken hukumar ANRS ya ɗauki hoton mashaya taba 442 masu HIV, 'yan shekara 40 zuwa sama, aka gano kansa a jikin tara, mafi yawansu tun tana matakin da tiyata za ta iya cire ta.

A nan ne gwanintar take burge ni. Huhun mai HIV yakan zo da tarihinsa: tabon tsohon tarin fuka, sauran ciwon nimoniya, ramukan da hayaƙi ya ci. Likitan da bai goge ba sai ya ɗauki kowane tabo kansa, a huda ƙirjin bawan Allah a banza. Gwani yakan tsaya ya duba gefen ɗigon. In ya yi sumul, ko ya daskare ya yi fari fat saboda kalsiyam, galibi tsohon ciwo ne ya warke. In gefen ya yi tsini-tsini, musamman a saman huhu, sai hankalinsa ya tashi. Ya auna: abin da bai kai milimita 6 ba akan bar shi sai hoton baɗi. Ya nemo tsohon hoton mutumin, in akwai, ya ajiye su gefe da gefe.

Ɗigon da ya tsaya tsakani kuwa, sai a ce wa mara lafiya ya dawo bayan wata uku. A binciken NELSON na Holan da Beljiyam, ɗigon da girmansa ya ninka cikin ƙasa da kwana 400 shi ake tura wa likitan huhu don a ɗebi nama a gwada.