Yaron da Aka Ce Idonsa Ya Buɗe

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, suka kora ɗalibai daji a ƙafa, sai bayan kwana shida aka sako 344. An yi murna, kowa ya watse. Su kuwa yaran ƙauyukan Faskari da Sabuwa da aka harbe iyayensu a gabansu, ko suka kwana a gonar dawa suna ɓuya, babu wanda ya ƙirga su. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san abin da irin wannan tashin hankali ke barin yaro da shi: firgita cikin barci, komawa fitsarin kwance, zabura in babur ya wuce, yin zuru kamar ba ya cikin jikinsa, wani lokaci har da jin muryar mamaci.

A gida fassara biyu ake yi wa wannan: ko a ce shafar aljanu ce, ko a ce idonsa ya buɗe, yana gani. Ta biyun ta fi tayar mini da hankali, domin da sunan baiwa take zuwa. Yaron da ya tashi cikin hare-hare ya koyi lura da haushin kare, da baƙuwar fuska a kasuwa, da shirun da bai saba ji ba. Kullum cewa yake za su zo, kuma a yankin da hari bai yanke ba, dole wata rana maganarsa ta faɗa daidai. Sai a riƙe wannan ranar, a manta da duk sauran. Masanin halayyar ɗan Adam Harvey Irwin na Ostireliya ya nuna, a shekarun 1990, cewa waɗanda suka sha azaba a ƙuruciya sun fi yarda da ikon sanin ɓoyayye, domin wanda aka taɓa mamaya yana ƙishin jin cewa ba za a ƙara shammatarsa ba.

Nan boka da mai duba ke samun shiga, kuma babu hukumar da ta tantance su, babu wanda suke yi wa bayani. In aljani suka ce, sai hayaƙi a rufaffen ɗaki da bulalar da wai jikin aljanin take sauka, alhali fatar yaron ce ke fashewa. In baiwa suka ce, sai a zaunar da shi yana duba wa mutane, tsoronsa ya zama jarin wani. Ko ta wace hanya, ba a tambaye shi abin da ya gani a daji ba, mai farfaɗiya kuma ya rasa maganin asibiti. Mun ga ƙarshen rashin sa ido a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da birnin Katsina, suka fito da mutane cikin sasari, har da yara.

Za a ce wannan musun aljanu ne. Ko kusa. Addu'a da tofi ba sa cutar da yaro, kuma Musulunci da kansa ya haramta zuwa wurin mai da'awar sanin gaibu. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta rashin likita: ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, kuma manomin Sabuwa da kuɗin fansa ya tsiyata ba ya da na motar zuwa asibitin Barnawa a Kaduna. Gaskiya ne, shi ya sa korar masu magani ba za ta yi ba. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya yi aiki da masu maganin gargajiya a Aro ta Abeokuta, a ƙarƙashin kulawar asibiti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, kuma ya rage wa Jihar Katsina ta yi wa masu ruƙiyya rajista, ta hana duka da ɗauri, ta koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa gane yaron da ya firgita.